Hatimi Ko Lissafi? Malamin Katsina Da Ya Yi Zamani Da Newton

Ran Asabar da daddare muna zaune a tsakar gida a Barnawa, an ɗauke wuta, sai 'yar yayata da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare ta zo da littafinta tana haskawa da fitilar waya. Malamin lissafi ne ya ba su aikin gida. An zana gidaje tara, uku a kwance uku a tsaye, aka ce a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace lamba sau ɗaya, ta yadda duk layin da aka tara zai ba da 15. Ta yi ta gogewa har takardar ta kusa hujewa.

Mahaifinmu yana gefe a kan darduma. Ya leƙo, ya ce, "Amarya, wa ya koya miki hatimi?"

Ta ce, "Alhaji, ba hatimi ba ne, lissafi ne."

Ya karɓi biro, kafin ka ce kwabo ya cike gidajen:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ya ce tun yana almajiri ya san shi, a allo ya fara ganinsa. Yarinya ta tara kwance, ta tara tsaye, ta tara daga kusurwa zuwa kusurwa, ko'ina 15. Sai ta juyo wajena ta ce, "Kawu, hotunan da ke bangon ajinmu duk Turawa ne, su Newton da Galileo. Lokacin da suke yin nasu, mu me muke yi?"

Tambayar ta fi aikin gidan nauyi. Amsa biyu aka saba ba yara, kuma duk biyun suna cutar da su. Ta farko ita ce ba mu yi komai ba sai da Bature ya zo. Ta biyu ita ce mu muka ƙirƙiro komai, aka sace. Gaskiya tana wani wuri dabam, kuma waɗannan gidaje tara sun isa su kai mu wurin.

Hatimi a idon mai lissafi

Da kakan da jikar duk suna da gaskiya. Abin da malaman zaure ke kira hatimi, a littattafan Larabci wafaƙi, shiri ne na lambobi wanda masana lissafi suka daɗe suna nazari. Akwai shi a tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar Sin da na Indiya. A ƙarni na 10, wata ƙungiyar masana a Basra da ake kira Ikhwanus Safa ta kawo misalansa a cikin risalolinta, manyan masana irin su Abul Wafa al-Buzjani da Ibnul Haisam kuma sun yi rubutu a kan yadda ake gina shi.

Bari mu fara da tambaya mai sauƙi: me ya sa 15? Tara lambobi daga 1 zuwa 9, za ka sami 45. Layuka uku ne za su raba wannan 45 daidai wa daida, kowanne ya tashi da 15. Ba malami ne ya zaɓi lambar ba, dole ce ta kawo ta. In gidajen biyar-biyar ne, jimlar 1 zuwa 25 ita ce 325, a raba biyar, 65. In bakwai-bakwai ne, 175.

To, me ya sa 5 take tsakiya? Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya: na kwance, na tsaye, da biyun da suka gitta daga kusurwa zuwa kusurwa. Kowanne 15, wato gaba ɗaya 60. Amma in ka lura, waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, in ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Ke nan 60 ɗin ita ce 45 haɗe da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Ƙarin 15 ne, a raba uku, 5. Duk wanda ya sa wata lamba a tsakiya, ko ya kwana yana gogewa ba zai fita ba. Wannan shi ake kira hujja a lissafi, ka nuna abu ba zai yiwu ya zama wani iri ba.

Hasali ma hatimi mai gidaje tara guda ɗaya ne tak a duniya. Sauran bakwai da za ka gani shi ne dai aka juya ko aka kifa. Amma da an ƙara girma sai abin ya ɓarke. Mai huɗu-huɗu iri 880 ne, wani Bafaranshe mai suna Frenicle de Bessy ya jero su, aka buga a 1693 bayan rasuwarsa. Mai biyar-biyar kuwa sai da kwamfuta ta zo, a 1973, aka ƙirga 275,305,224.

Mutumin Katsina

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wato Bafulatani Bakatsine. Ya tashi a lokacin da Katsina take cibiyar fatauci da karatu, garin da ya riga ya fitar da Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Ya yi karatu a hannun malaman wannan yanki, cikinsu har da Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi, ya ƙware a nahawu da manɗiƙi da hisabi da ilmin taurari. Daga nan ya kama hanyar gabas, ya yi aikin hajji, sannan ya zauna a Alƙahira.

A farkon shekarun 1730 ya rubuta littattafan da suka sa har yau ake ambatonsa. Ɗaya shi ne Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da wafaƙi. Ɗayan kuma Ad-Durrul Manzum, a kan ɗalasimai da taurari. Yana kuma da rubutu a nahawu da manɗiƙi. Akwai kwafin rubutunsa na 1732 a kan hatimai a wani ɗakin karatu na Jami'ar Landan. A ciki ya yi bayanin hanyoyin gina hatimi wanda yawan gidajen gefensa mara ne, wato wuturi, kamar 3 da 5 da 7. Wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ita ta ƙara fito da shi ga masu karatun zamani a littafinta na 1973 kan lissafi a Afirka.

Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda shi ma gwani ne a ilmin taurari da na ma'auni. Ɗan wannan shaihi, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ya sa tarihin Bakatsinen a cikin littafinsa, ya yaba zurfin ilminsa. A nan gida, Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisuri.

Ka duba wannan da kyau. Mutum ya yi karatunsa a ƙasar Hausa da Barno, ya je birnin Azhar, manyan masana suka karɓe shi a matsayin malami. Isaac Newton ya rasu a 1727, shekara biyar kacal kafin rubutun 1732. Zamaninsu ɗaya.

Gwada da hannunka

Ga hanya mafi sauƙi ta gina kowane hatimi mara. Ɗauko biro.

Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kullum ka hau gida ɗaya sama, ka matsa gida ɗaya dama, ka sa lamba ta gaba. In ka fita ta sama, ka dawo ta ƙasa. In ka fita ta dama, ka dawo ta hagu. Ka ɗauka an naɗe takardar kamar tabarma, bakinta ya haɗu da baki. In kuwa ka tarar gidan da za ka shiga da mai shi a ciki, sai ka sauko ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu, ka sa ta gaba a nan.

A gidaje tara, 2 za ta faɗa kusurwar ƙasa ta dama, 3 ta faɗa tsakiyar layin hagu. Gidan 4 ya kamata ya zama inda 1 take, don haka sai ta sauko ƙarƙashin 3. In ka ƙarasa za ka sami na Alhaji ne, an dai kifa shi. Ga abin da hanyar ke bayarwa a biyar-biyar:

17 24 1 8 15
23 5 7 14 16
4 6 13 20 22
10 12 19 21 3
11 18 25 2 9

Tara duk layin da ka ga dama, 65 ne.

Masana da suka yi rubutu da Larabci sun san irin wannan tafiya a karkace ɗaruruwan shekaru kafin al-Kashnawi, har sukan kwatanta ta da tafiyar 'ya'yan wasan shaɗaranji, kamar tsallen doki. Amma yadda wannan hanyar ta shiga littattafan Turai yana da labari. A 1687 Sarki Luwi na 14 na Faransa ya aika jakada mai suna Simon de la Loubère zuwa Siyam, ƙasar da yanzu ake kira Tailan. A wannan tafiya ya koyi dabarar, da ya dawo ya buga ta a littafinsa na 1691. Shi da kansa ya ce asalinta daga Surat ne ta Indiya. Duk da haka har yau hanyar Siyam ake ce mata, ko hanyar La Loubère. Ba shi ya gano ta ba. Shi ne ya buga ta. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya sa dabarar take aiki?

Dubi layin sama na hatimin biyar-biyar: 17, 24, 1, 8, 15. Raba kowace lamba gida biyu, babban kaso da ƙaramin kaso. 17 ita ce 15 da 2. 24 ita ce 20 da 4. 1 ita ce 0 da 1. 8 ita ce 5 da 3. 15 ita ce 10 da 5. Manyan kason su ne 0, 5, 10, 15, 20, kowanne ya zo sau ɗaya, jimla 50. Ƙananan su ne 1, 2, 3, 4, 5, kowanne sau ɗaya, jimla 15. Hamsin da sha biyar, 65. Gwada kowane layi na kwance ko na tsaye, haka za ka gani.

Wato hatimin nan shiri biyu ne aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, kuma a kowane shiri babu alamar da ta maimaitu a layi guda. Wanda ya ɗauki wannan tunani ya mai da shi fanni shi ne Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, a wata maƙala da aka buga a 1782. Ya kira irin wannan shiri jadawalin Latin, saboda da haruffan Latin ya cike gidajen. A nan ne ya kawo tambayarsa ta hafsoshi 36: runduna shida, kowace da muƙamai shida, a jera su shida-shida ba tare da runduna ko muƙami ya maimaitu a layi ba. Ya yi hasashen ba zai yiwu ba, sai wajen 1900 Gaston Tarry ya tabbatar da haka. Ya kuma yi hasashen goma-goma ma ba zai yiwu ba, a 1959 Bose da Shrikhande da Parker suka nuna ya yi kuskure.

Amfaninsa fa? A shekarun 1920 Ronald Fisher ya shigar da jadawalin Latin cikin gwajin aikin gona a Ingila. A ce kana son gwada irin masara biyar, amma gonarka gangare ce, gefe ɗaya kuma ya fi taki. Sai ka yanka ta gida 25, ka shuka kowane iri sau ɗaya a kowane layi na kwance da na tsaye. Ta haka babu irin da zai ci gajiyar wuri mai kyau shi kaɗai. Ɗalibin aikin gona da ya yi darasin tsara gwaji, a Samaru ko a wani wuri, ya gamu da wannan shiri. Wasan sudoku na jarida da waya ma ɗan gidan ne.

Ba mu kaɗai muka haɗa lissafi da asiri ba

Kada mu yi wa al-Kashnawi kwalliyar da ba tasa ba. Bai rubuta littattafansa don gwajin gona ba. A wurinsa lambobi da haruffa da taurari suna da asirai, hatimi kuma hanya ce ta neman biyan buƙata. A lissafin abajada kowane harafi yana da lamba, shi ya sa lambobin cika da ke kusurwoyin hatimin Alhaji, 2, 4, 6, 8, suke ba da haruffan ba, dal, wawu, ha, kalmar buduhu da ake gani a layu. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan halaccin wannan aiki, Ibn Khaldun ma ya soke shi a Muƙaddimarsa. Hukunci na malaman addini ne. Ta fuskar kimiyya dai, babu wata hujja da ta nuna jera lambobi a takarda yana warkar da ciwo ko ya kawo kasuwa. Lissafin ginin ne yake tsaye da ƙafarsa.

Sai dai Turawan wancan zamani ma haka suke. A 1533 Cornelius Agrippa ya buga littafin da ya raba wa taurari bakwai hatimai, mai uku-uku na Zuhal, mai huɗu-huɗu na Mushtari, har zuwa mai tara-tara na Wata. Johannes Kepler, wanda ya gano dokokin tafiyar duniyoyi, yana yi wa manyan mutane duban taurari a biya shi. Newton kansa, mai littafin 1687 da ya kafa dokokin motsi, ya shafe shekaru yana neman sirrin alkimiyya, ilmin da ake zaton zai juya darma ta zama zinariya. An ga yawan abin da ya rubuta a kai lokacin da aka yi gwanjon takardunsa a 1936.

Batun ƙwaƙwalwa ma ba shi ne ba. A 1734, daidai lokacin da Bakatsine yake rubutu a Masar, wani ɗan Afirka ta Yamma, Anton Wilhelm Amo daga Axim ta ƙasar Gana ta yau, ya sami digirin dakta a falsafa a Wittenberg ta Jamus, ya kuma koyar a jami'o'in Halle da Jena.

To, ina hanya ta rabu?

Sarakuna masu wuƙa da nama

Ƙarni na 17 da na 18 zamani ne na sarakunan Turai da suka tattara iko duka a hannunsu. Luwi na 14 ya hau gado a 1643 yana ɗan shekara huɗu, ya mutu a 1715, shekara 72 ke nan, bai taɓa kiran majalisar wakilan ƙasa ba. Masana falsafa sun yi ta gardama a kan irin wannan mulki. Thomas Hobbes, a 1651, ya ce in babu shugaba mai cikakken iko mutane za su cinye junansu. John Locke, a 1689, ya ce mulki amana ce daga jama'a, in sarki ya ci amanar suna da ikon tuɓe shi.

Waɗannan sarakuna suna son taswira mai kyau, da igwa mai saiti, da hanyar da jirgin ruwa zai san inda yake a tsakiyar teku. Don haka suka buɗe baitulmali. A 1666 ministan Luwi, Colbert, ya kafa majalisar masana kimiyya a Faris, aka yanka wa membobinta albashi. A 1667 aka soma ginin gidan hangen taurari. Aka ɗauko Huygens daga Holan, Cassini daga Italiya. A wannan gida ne Ole Rømer ya nuna, a 1676, cewa haske ma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. A Jamus, masanin falsafa da lissafi Leibniz ya jagoranci kafa irin wannan majalisa a Balin a 1700. Sarkin Rasha, Peter, ya kafa tasa a 1724. Ita ce ta ɗauki Euler aiki a 1727. A 1741, shekarar da al-Kashnawi ya rasu, Euler ya koma Balin bisa gayyatar Sarki Frederick na 2, a 1766 kuma ya sake komawa Rasha a zamanin Sarauniya Catherine. Ya yi fiye da shekara 50 yana cin albashi don ya yi tunani, ya bar rubuce-rubuce sama da 800.

Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A 1685 Luwi ya soke dokar da ta ba mabiya ɗariƙar Furotesta 'yancin ibada, masana irin su Abraham de Moivre suka gudu Ingila. A shekarar ce kuma ya sa hannu a dokar bayi ta tsibiran da Faransa ta mallaka, inda guminsu 'yan Afirka yake cika aljihun masarauta. A 1723 sarkin Furushiya ya ba masanin falsafa Christian Wolff sa'a 48 ya bar ƙasar ko a rataye shi. Descartes ya amsa kiran Sarauniya Christina ta Suwidin, tana sa shi darasi da ƙarfe biyar na asuba cikin tsananin sanyi, ya rasu a can a 1650.

A wannan yanki namu ma an ga ɓarnar sarki mai wuƙa da nama. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko da runduna mai bindigogi ta karya Songhai a Tondibi a 1591. Aka kama malaman Tambutu, aka kai Ahmad Baba Marrakesh a 1594, aka wawashe littattafansa da ya ce sun kai 1,600. Sai 1608 ya koma gida.

Namu sarakunan

Sarakunanmu ba su yi watsi da malamai ba. Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya karɓi Shaihu al-Maghili, shi kuma ya rubuta masa risala kan haƙƙoƙin da ke wuyan sarki. A Barno, Mai Idris Alooma ya kawo 'yan bindiga Turkawa, limaminsa Ibn Fartuwa kuma ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa a shekarun 1570. Sarakunan Barno suna ba malamai takardar mahram, wadda take ɗauke musu haraji da aikin soja, su da zuriyarsu.

Ka lura da bambancin. Mahram da kyauta mutum ake ba wa, ko gida. Majalisar Faris kuwa kujera ce, in mai ita ya mutu a naɗa wani, aiki ya ci gaba daga inda aka tsaya. Na farko yana raya malami. Na biyu yana raya tambaya, ko bayan mai tambayar ya shiga ƙasa.

Asiri da bugu

Babban bambancin shi ne yadda ilmi yake tafiya. A 1665 aka fara buga mujallun kimiyya biyu, ɗaya a Faris ɗaya a Landan. Daga nan doka ta sauya: wanda ya fara bugawa shi ke da suna. Kwaɗayin suna da a da yake sa mutum ya ɓoye abin da ya gano, yanzu shi ke tura shi ya bayyana. Da ya bayyana kuma sai ɗaruruwan idanu su hau neman kuskurensa. Francis Bacon ya yi ta kira ga wannan tun 1620, cewa binciken halitta aikin gayya ne. Mu ma mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Al-Kashnawi ya zauna a birnin da ba shi da injin buga littafin Larabci. Santambul ta fara bugawa a 1729, Masar kuwa sai wajen 1820 aka kafa maɗaba'ar Bulaƙ. Littafinsa da hannu ake kwafa, ɗalibi ya karɓa daga malami. Wannan hanya tana da kyawunta, tana tsare amana, tana sa a san daga wa aka karɓa. Amma fannin nasa asiri ne, shi kansa ya hori mai karatunsa ya yi aikin a ɓoye, kada ya baza shi ga kowa. Abin da aka ɓoye kuwa ba ya samun mai gyara shi, ba ya samun mai ɗorawa a kai.

Ka kwatanta. Euler ya yi kuskure a bainar jama'a, bayan shekara 177 wasu mutum uku, biyu 'yan Indiya ɗaya Ba'amurke, suka gyara, aka ƙaru. La Loubère ya buga dabarar da ya aro, sunansa ya manne mata. Hatimin Alhaji kuwa ya iso Barnawa daidai yadda yake shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ba ragi ba ƙari. An tsare shi da kyau. Ba a dai tambaye shi me ya sa yake aiki ba, a gaban mutanen da za su iya cewa ba haka ba ne.

Abin da ya rage a hannunmu

Wannan ba labarin da ya wuce ba ne. Daga Barnawa in ka haye gadar Kogin Kaduna ka nufi arewacin gari, za ka iske Gidan Arewa a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami a can, akwai a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna, akwai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai a Sakkwato da Kano da Katsina. Wasu kuma suna cikin gafaka da adaka a gidajenmu, gara da damina suna rabon su. Cikinsu akwai na hisabi, na rabon gado, na lissafin watanni da taurarin damina. Matsalar ita ce mai Larabcin sau da yawa bai yi lissafin boko ba, mai lissafin bokon kuma ba ya iya karanta rubutun. Sai sun zauna a tabarma ɗaya.

In akwai irin waɗannan takardu a gidanku, a raba su da laima, kada a liƙa musu salatif, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a nuna wa masana. In kuma kai ne ka san wani abu, ko maganin gargajiya ne ko dabarar noma ko ta ƙira, ka tuna da Bakatsine da Bafaranshe.

Ita kuwa 'yar yayata, na ce mata ta gaya wa malaminsu a nemi wuri a bangon aji a rubuta sunan Muhammadu al-Kashnawi, ya rasu 1741, ko da babu hoto. Washegari ta kawo mini bakwai-bakwai da ta gina da kanta. Layi ɗaya ya ba da 176, wani 174. Alhaji ya ce a bar shi ya duba, suka sa kai su biyu a kan takarda har suka gano inda ta musanya lambobi biyu. Kai ma gwada naka. In duk layukan sun ba ka 175, ka samu.